Tafasa ruwa ba ya fidda fuliyor

Jama'a, ba mu manta da yaran Tibiri ta Maraɗi ba: haƙora sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe. Ba sammu ba ne, ruwan foraj ne mai yawan sinadarin fuliyor. Hukumar OMS ta ce kada ya wuce miligaram 1,5 a lita.

To, tafasawa ba ta fidda shi, ƙyallen tata ma bai kama shi. Abin da ke kama shi gawayin ƙashin dabbobi ne da ake zubawa cikin matata: fuliyor ya manne a jikinsa, ruwa ya wuce. Amma fa gawayin yana ƙoshi. In ba a canza shi ba, ruwa zai fito garau da cutarsa ciki.

Ƴan'uwa na waje masu haƙa mana rijiya, a auna ruwan tukuna.