Haske da Sauti: Da Wanne Ya Kamata a Fara wa Ɗalibi?

Idan hadari ya haɗu a gabas, walƙiya ce kan fara tsaga shi, sai can daga baya tsawa ta biyo. Abu ɗaya ne ya haife su a lokaci ɗaya. Tartsatsin lantarki ne ke zafafa iskar da ya ratsa har wajen digiri 30,000, iskar ta buɗe da ƙarfi, ƙarar buɗewar nan ita ce tsawa. Tare suka taso, amma haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa mita 343 kacal yake iya yi a iska mai ɗumin digiri 20. Shi ya sa duk wanda ya ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakaninsu ya raba da uku zai san nisan aradun da kilomita. Daƙiƙa tara, kilomita uku ke nan, kuma wanda ke gona ya kamata ya nemi gida, kada ya fake a gindin bishiya.

A darasin fiziks na babbar sakandare, haske da sauti duk igiyoyi ake kiran su, kuma lissafi ɗaya ke ɗaure da su: gudun igiya shi ne yawan kaɗawarta a daƙiƙa sau tsawon zangonta. Yara kan haddace wannan saboda WAEC da NECO, su zana madubi da gilashi da kibiyoyi, su ci jarrabawa, amma idan ka tambaye su mene ne ke kaɗawa ɗin, sai a yi shiru. A ganina laifin yana ga ƙofar da ake shigo da su ta cikinta. Haske ne ke samun zane da yawan lokaci, sauti kuwa a gurguje ake wuce shi, alhali shi ne ya fi dacewa a fara da shi.

Dalilin farko shi ne sauti yana taɓuwa. A kawo ganga cikin aji, a zuba 'yan ƙwayoyin gero a kan fatarta, a buga. Geron zai yi ta tsalle, kowa ya ga kaɗawar da idonsa. Yaro ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ja baƙi, zai ji ta a fatar yatsan. Mai kalangu idan ya matse tsarkiya a hammata, fatar ta ƙara ɗamewa, ta riƙa kaɗawa da sauri, murya ta yi sama. Ya sassauta, ta sauko. Ga bayanin yawan kaɗawa nan gaba ɗaya, tun kafin a taɓa alli. Daga nan ba wuya a nuna cewa iskar da ke bakin ganga ba ita ce ke tafiya har kunne ba. Tana tura ta kusa da ita ne, waccan ta tura ta gaba, kowace ta koma mazauninta, kamar yadda iska kan bi ta kan gonar dawa ka ga kaɗawar ta ƙetare gonar alhali ko kara ɗaya bai bar kunyarsa ba. Haske ba ya ba da wannan dama. Yana kaɗawa ɗaruruwan tiriliyan a daƙiƙa, ba yatsan da zai ji shi, sai dai ɗalibi ya yarda da maganar malam.

Na biyu, gudun sauti yana aunuwa a filin makaranta. A sami doguwar katanga, a tsaya mita 50 daga gare ta, yaro ɗaya ya riƙa tafi yana daidaita kowane tafi da amsa-kuwwar wanda ya gabace shi. Tsakanin tafi da tafi sautin ya je ya dawo, mita 100 ke nan. Wani ya riƙe agogon waya ya auna tazara ashirin, zai sami wajen daƙiƙa shida. Mita 2,000 a raba da shida, amsar ba za ta yi nisa da abin da ke cikin littafi ba, kuma yaron da ya fitar da lambar da tafin hannunsa ba zai manta da ita ba. A kwatanta wannan da wahalar da aka sha a kan haske. Galileo ya bayyana dabarar mutum biyu masu fitilu, kowa a nesa da ɗan'uwansa, wannan ya buɗe tasa waccan ya amsa, amma hasken ya fi hannu da ido sauri, ba a sami abin aunawa ba. Sai a 1676 Ole Romer, ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a Faris, ya lura da jinkiri a lokutan da wani wata na duniyar Jufita ke shiga inuwarta, ya nuna cewa haske ma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Auna shi a doron ƙasa kuwa ya jira har 1849, lokacin da Fizeau ya harba haske ta tsakanin haƙoran wani faifai mai juyawa, mai haƙora 720, zuwa madubin da ke nisan fiye da kilomita takwas.

Inda kwatancin ya fi daɗi a wurina shi ne tsarin gidajenmu. Baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, matar gida tana tsakar gida ta ji shi sarai ta amsa, amma ba ta gan shi ba, shi ma bai gan ta ba. Magina sun daɗe da sanin cewa idan aka karkata ƙofar shigifa ta kauce wa ta zaure, an tare ido, an bar wa kunne hanya. Me ya sa haka, tunda duka biyun igiyoyi ne? Amsar tana ga tsawon zango. Igiya tana iya zagaye abin da bai fi zangonta girma sosai ba. Sautin da kunnen ɗan'adam ke ji yana da zango daga santimita biyu har zuwa mita 17, kuma muryar magana tana tsakiya, sa'ar faɗin ƙofa, don haka takan lanƙwasa ta bi lungu. Zangon haske kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Kaurin silin gashi ɗaya zai ɗauki zangon jan haske wajen ɗari. Ga irin wannan ƙanƙanuwar igiya ƙofa babban fili ce, sai ta wuce ɗoɗar ta bar inuwa. Haske ma yana lanƙwasawa idan aka matse shi ta siririyar tsaga, kuma da irin wannan ne Thomas Young ya farfaɗo da ra'ayin cewa haske igiya ne a farkon shekarun 1800, bayan an yi kusan ƙarni ana bin ra'ayin Newton na cewa ƙananan ƙwayoyi ne. Ɗalibin da ya riga ya fahimci sallamar zaure, gwajin Young ba zai zo masa baƙo ba.

Zafin ƙasarmu ma yana wasa da su biyun ta hanya guda. Dukansu sun fi gudu a iska mai zafi, kuma igiya kan karkata zuwa ɓangaren da take tafiya a hankali. Da tsakar rana a watan Afrilu kwalta kan gasa iskar da ke kwance a kanta, hasken da ya gangaro daga sama ya lanƙwashe ya koma sama ya shiga idon direba, sai ya hango ruwa kwance a titi. Kawalwalniya ke nan, hoton sararin sama ne a ƙasa. A wannan lokacin sauti ma sama yake karkata, ya tsere wa kunne. Da asuba a lokacin hunturu abin kan juye: ƙasa ta yi sanyi, iskar da ke bisa ta fi ɗumi, sautin da ya nufi sama ya sunkuyo ya dawo. Gari ya yi tsit, gaskiya ne, amma wannan sunkuyowar tana cikin dalilan da ke sa a ji kiran sallar wata unguwa mai nisa wadda ba a jin ta da azahar.

Duk da haka haske yana da nasa haƙƙin, kuma ba ƙarami ba ne. Tafiyarsa ɗoɗar ta sa ana iya zana shi da rula, abin da ba ya yiwuwa da sauti. Ƙaramar huda a kwanon rufi takan saukar da sandar haske cikin ƙurar ɗaki, kuma tabon da ke faɗowa a ƙasa zagayayye ne ko da hudar ba zagayayya ba ce, domin hoton rana ne. Da irin wannan ɗaki mai duhu Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce, ya yi nazari, kuma a littafinsa Kitabul Manazir ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da shi ba. Cokali a kofin ruwa, bayan cokali da cikinsa, tabarau na kaka, duk kayan gwaji ne da ba a saye.

Akwai kuma wurin da sauti ke ɓatar da ɗalibi idan malam bai tsaya ba. Sauti ba ya tafiya sai da abin hawa. Tun a 1660 Robert Boyle ya rataye agogo a cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar, ƙarar agogon ta ɓace alhali ana ganin sa. Haske kuwa yana keto sararin da babu iska tsakanin rana da duniya, kilomita miliyan 150, cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. A cikin ruwa sauti kan ƙara gudu zuwa wajen mita 1,500 a daƙiƙa, a ƙarfe ya kai 5,000, haske kuwa raguwa yake yi, ya sauko zuwa kilomita 225,000 a ruwa. Manyan masana ma sun faɗa wannan ramin. Sun daɗe suna neman wani abu marar ganuwa da suka ɗauka shi ke ɗauke da haske yadda iska ke ɗauke da sauti, har Michelson da Morley suka neme shi da ingantaccen gwaji a Amurka a 1887 ba su same shi ba. Abin da ke kaɗawa a haske ƙarfin lantarki ne da na maganaɗisu, suna haifar juna suna tafiya.

Rediyo ne ya fi dacewa a gwada ɗalibi da shi a wannan gaɓar, domin yawancin yara sun ɗauka igiyar rediyo sauti ce, tunda magana ke fitowa daga akwatin. Dangin haske ce. Dattijon da ke murɗa gajeren zango yana neman tasha a kan mita 31, tsawon zangon igiyar yake ambata. A ba ɗalibi wannan lamba a ce ya fitar da yawan kaɗawa. Idan ya raba gudun sauti da 31 zai sami kaɗawa 11 a daƙiƙa, abin da ko kunne ba ya ji, tunda jinmu daga 20 yake farawa. Idan ya raba gudun haske, zai sami wajen miliyan 9.7, kuma zai iya ɗaukar rediyon ya ga lambar a rubuce a jikin gilashinsa.