Mai Neman Kamala a Ma'aunin Kimiyya

Akwai ɗalibin da kan yage takarda sau biyar saboda kuskuren harafi guda, har lokacin miƙa aiki ya wuce. A tsarin rarraba halaye na Eniyagiram, wanda Oscar Ichazo ya koyar a garin Arica na ƙasar Chile wajejen 1970, irin wannan mutum shi ne na farko cikin rukunoni 9. An siffanta shi da tsantseni, son gyara da danne fushi.

Sai dai masana halayyar ɗan Adam ba su gamsu da wannan rabo ba. A 1991 Paul Hewitt da Gordon Flett suka nuna cewa halin fuska uku gare shi: matsa wa kai, matsa wa wasu, da zaton jama'a ba sa yafe kuskure. Ta ukun ce ta fi alaƙa da ciwon damuwa. Binciken Curran da Hill na 2019 kan ɗalibai fiye da 40,000 a Amurka, Kanada da Birtaniya ya gano ita ce ta fi ƙaruwa daga 1989 zuwa 2016.

Saboda haka, mai karatu ya tambayi kansa: ingancin aiki yake nema, ko idon jama'a yake tsoro?