Idan Aka Ce Malamin Makaranta Ya Yi Wa'azi Ran Lahadi

A ƙauyuka da yawa na Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Tangale, fasto ɗaya ya kan riƙe majami'u da dama, ran Lahadi kuwa ba shi iya raba kansa biyu. To, wa za a ɗora wa nauyin wa'azi a inda bai sami zuwa ba? Galibi malamin makaranta ne ko akawu, don shi ne aka sani da karatu. Sai dattawan ikilisiya su aiko masa tun ran Alhamis, shi kuwa kunya ba ta barinsa ya ce bai iya ba. Saboda irin waɗannan mutane muka ga ya kamata mu yi wannan bayani, gama iya karatu dabam, iya wa'azi dabam.

Abu na fari da ya kamata ya tuna shi ne, yawancin waɗanda za su zauna gabansa ba da Hausa aka yi musu tawai suna jarirai ba. Berom ne, ko Ngas, ko Bajju, Hausa kuwa a kasuwa da majami'a suka same ta. Asalin wannan kuwa, sa'ad da Turawan mishan suka shigo, su Karl Kumm da suka sauka Wase a 1904 da waɗanda suka biyo bayansu, sun tarad da harsuna barkatai, kowane dutse da nasa. Sai suka ɗauki Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure su duka. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi ta fama da fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Makarantar Gindiri da aka buɗe a 1934 da Hausa ta fara koyar da masu bishara. Saboda haka mai wa'azi yana magana da jama'a ne da harshen aro, dole kuwa ya sauƙaƙa shi.

Babban ramin da ma'aikata su ke faɗawa shi ne shirya wa'azi da Turanci. Mutum ya sami littattafan sharhi na Turawa, ya rubuta shafi huɗu da Ingilishi mai kyau, ya ce in ya hau mumbari ya juya shi. Na taɓa zama cikin wata majami'ar ƙauye inda wani saurayin malami ya yi haka. Ya yi ta ɗaga takarda yana sauke ta, ya fara magana da Hausa ta maƙale, ya cike gurbin da Turanci. Da aka tashi, wata tsohuwa ta kama hannunsa ta yi masa barka, ta ce lalle yaron nan ya sha karatu, amma don Allah ya gaya mata abin da ya ce, don ta kai wa mijinta da ke kwance ba lafiya. Malam ya yi tsuru tsuru. Ba laifi ba ne a karanta sharhin Turanci, amma in an gama a rufe shi, a ɗauki alƙalami a yi tunanin da Hausa tun daga tushe.

Sa'an nan sai karatun ayoyin. Rubutun boko ba shi nuna hawa da saukar murya, ba shi kuma nuna inda za a ja wasali, don haka wanda bai karanta da ƙarfi a gida ba, zai yi tuntuɓe gaban jama'a. Dubi labarin Annabi Iliya da gwauruwar Zarefat cikin littafin Sarakuna na fari, sura 17. Akwai gari wanda annabin ya shiga, akwai kuma ɗan garin da ya rage wa matar za ta yi abinci da shi. A takarda kamarsu ɗaya, baki ne kaɗai ke raba su. Haka kuma in na'urar buga takarda ba ta da ƙugiya, baƙi su kan koma baki. Karatu sau uku da murya ran Asabar ya isa maganin wannan.

Amma inda aikin ya ke da nauyi ƙwarai shi ne wajen kalmomi. Kalmomin addini na Hausa, irin su annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, sun daɗe a bakin Musulmi kafin majami'a ta ɗauke su, kowace kuwa ta zo da kayanta. In mai wa'azi ya ce ceto, shi yana nufin kuɓutar da mutum daga zunubi tun yanzu, wanda ya tashi cikin Hausawa kuwa hankalinsa zai tafi ga roƙon da za a yi wa mutane ran gobe ƙiyama. In ya ce alheri, yana nufin baiwar Allah wadda mutum bai cancanta ba, mai sauraro kuwa zai iya zaton irin alherin da a kan yi wa maroƙi ne bayan ya wasa mutum. Kalmar fansa ta fi su duka santsi. Ga fansar da a kan biya a fid da bawa daga hannun ubangijinsa, wadda ita ce a ke nufi, ga kuma ɗaukar fansa, watau ramuwar gayya. Wanda ya yi rabin sa'a yana ambaton fansa bai tsaya ya ba da labarin bawan da danginsa suka tara kuɗi suka karɓo shi ba, bai san abin da ya shuka cikin zukata ba. A ganinmu, kalma ɗaya irin wannan in an warware ta sarai, ta isa wa'azin Lahadi guda.

Wannan ya kawo mu ga yawan kaya. Sabon mai wa'azi ya kan so ya juye dukan abin da ya sani rana ɗaya, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Ya zaɓi magana ɗaya tak, wadda yaro zai iya maimaita wa kakarsa a gida. Misalai kuwa ya ɗebo su daga inda jama'a su ke. Misalin mai shuka cikin Matta sura 13 ba shi bukatar dogon sharhi ga mutanen da suka san yadda acca ke yi a kan fako, suka kuma sha korar tsuntsaye daga gona. Su ne ma za su ƙara wa malam sani, in ya zauna da su da yamma kafin ranar.

Wajen bayarwa, maganar ba ta da yawa. Ya dubi mutane, kada ya dubi rufin ɗaki. Ya sa murya yadda tsohon da ke bencin baya zai ji, ba tare da ya yi ta tsawa ba kamar mai korar awaki. In akwai tafinta mai juyawa zuwa harshen garin, ya riƙa yanka maganarsa gajere gajere, ya kuma tuna lokacin zai ninka. In ya ga mata sun fara jijjiga goyo suna duban ƙofa, to, ya nemi wurin sauka.

Saura abu guda wanda ba a cika koyarwa ba. Tagogin majami'a a buɗe su ke, yanzu kuma ga lasifika, maƙwabta na ji. Malamin da ya mai da mumbari wurin habaici ga addinin wani, ko wurin rama faɗan da ya yi da wani dattijo kan iyakar gona, ran Litinin zai koma aji ya tarad da 'ya'yan waɗanda ya yi wa habaicin zaune gabansa, da allunansu a hannu, suna jiran ya koya musu lissafi.