Awon taurin juyi na abu maras tsararren fasali ta hanyar lilo: misalin gatari

1. Gabatarwa

Abin da muke kira taurin juyi a nan shi ne abin da ake ce ma moment d'inertie da faransanci, sunan da Euler ya ba shi a 1765. Yana nuna yadda abu ke ƙin sauya saurin juyawarsa kewaye da wani layi. Ana samun sa in aka ninka nauyin kowane ɗan gutsure da nisansa daga layin juyi sau biyu, sannan aka tara jimla. Ga sanda, faifai ko ƙwallo, littattafai sun ba da amsar lissafin. Ga gatari ko hauya, da ƙota da ruwan ƙarfe suka haɗu, babu irin wannan amsa, sai awo. Manufarmu ita ce mu nuna hanya mai arha, da kuma inda kuskure ke shigowa cikinta.

2. Hanyar awo

Da farko muna neman cibiyar nauyi G ta hanyar ɗora ƙotar bisa kaifin wuƙa har ta daidaita. Sannan mu rataye gatarin ga ƙusa a wuri O, mai nisan d daga G, mu bar shi ya yi lilo kaɗan. In m shi ne nauyinsa, T kuma lokacin zuwa da dawowa guda, to:

I = m g d T² / 4π²

Huygens, ɗan ƙasar Holand, shi ya warware wannan irin lilo a 1673. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa da na Steiner ita ke mayar da mu ga cibiya:

I(G) = I − m d²

A lura: amsar ta layi ɗaya ce kurum. In aka juya ruwan gatarin ta wata fuska, an sauya layi, amsar kuma za ta sauya.

3. Misali da lambobi

Mu ɗauka m = 1,5 kg, d = 0,50 m, T = 1,50 s, g = 9,78 m/s² kamar yadda yake a ƙasarmu. Sai mu samu I = 0,418 kg.m², m d² = 0,375, wato I(G) = 0,043 kg.m².

Nan matsalar take. Mun ɗebe babbar lamba daga wata babba, ƴar ƙarama ta yi saura. Kuskuren 1 % cikin T yana zama 2 % cikin I, wato 0,008, abin da ya kusan kai 20 % na I(G). Kuskuren milimeta 5 cikin d shi ma yana kawo kimanin 8 %. Ɗalibi na iya yin awo da natsuwa, lissafinsa daidai, amma sakamakon bai da amfani.

4. Magani

Na ɗaya, a ƙirga lilo 50 kafin a tsayar da agogo, a raba. Na biyu, kada lilon ya wuce digiri 5: a digiri 10, T yana ƙaruwa da kusan 0,2 %.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne zaɓen wurin rataya. Mu kira k nisan da ya cika sharaɗin I(G) = m k²; a misalinmu k ya kai 0,17 m. In aka huda ƙota a nisan d = k, sai I ya zama ninki biyu na I(G), kuskuren 1 % cikin T kuma ya tsaya ga 4 %. Ban da haka, a wannan wuri ne T ya fi gajarta, kuma ƙaramin kuskure cikin d kusan ba ya taɓa amsa. Tun da ba a san k ba kafin awo, sai a yi awon farko don a kimanta shi, a sake ratayewa, a yi na biyu.

5. Kammalawa

Awon farkon ma ba a banza ba ne. Tsawon L = I / m d, wato 0,56 m daga O, yana nuna cibiyar sara: in O ne wurin riƙo, bugun da ya faɗa a wannan nisa ba ya girgiza hannu. Mai faskare da ƙota ta taɓa yi ma tsami a tafi ya san abin da ake nufi. Muna ba malammai shawara su sa ɗalibbai su yi awon a wurare biyu, su gwama sakamakon, su rubuta iyakar kuskuren kowane.