Likitan Biza: Ba Kowace Takardar Asibiti Ce Ake Karɓa Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, yawan masu neman tafiya ƙasashen waje daga wannan yanki domin ƙaro ilmi ya ƙaru ƙwarai. Malaman jami'ar, da na Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da samarin Kurfi da suka sami gurbin karatu, duk sukan yi karo da wani sharaɗi da ba su zata ba, watau binciken lafiya kafin a ba da biza.

Abin da yawancin mutane kan fara yi shi ne su nufi babban asibitin garinsu, a ɗauki hoton ƙirjinsu, likita ya sa hannu ya buga hatimi. Takardar nan kuwa, ko da babban likitan da ya fi kowa ƙwarewa a jihar ya rubuta ta, ofishin biza ba zai dube ta ba. Ba raina gwanintar likitocinmu aka yi ba. Ƙasar da ke neman wannan bincike galibi tana da jerin sunayen asibitoci da likitocin da ta amince da su, wanda duk ba ya cikin jerin nan, sa hannunsa bai da amfani a wurinta. Asibitocin Dutsin-Ma da Kurfi ba sa ciki.

Ingila ce aka fi nema, saboda haka ya kamata a yi bayaninta sosai. Tun daga shekarar 2013 duk ɗan Nijeriya da zai zauna can fiye da wata 6 lalle ne ya kawo shaidar cewa ba ya ɗauke da tarin fuka. Ana yin gwajin a cibiyoyin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wadda aka fi sani da IOM, a Abuja da Legas. Mutumin Kurfi ke nan sai ya nemi rana tun da wuri, ya ɗauki fasfonsa, ya bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna har Abuja. In hoton ƙirji ya fita lafiya, sai a ba shi takarda mai aiki na wata 6. In kuwa likita ya ga wani tabo a huhu, to, sai an karɓi kakinsa da safe har kwana 3, a kai ɗakin gwaji a jira kamar mako 8. Nan ne gizo ke saƙa, domin ɗalibin da za a buɗe wa makaranta a watan Satumba, in ya bari sai Agusta ya je gwaji, wata biyun nan kaɗai sun isa su raba shi da zangon karatu. Wanda ya yi gaggawa ya je da wuri ƙwarai kuma, takardarsa na iya mutuwa kafin ya miƙa ta. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 galibi ba a ɗaukar hotonsu, mace mai juna biyu kuma ana ba ta zaɓi.

Kanada ma tana da nata likitocin. Su ne ke aika sakamakon kai tsaye ta kwamfuta, yana kuma aiki na wata 12. Amurka kuwa masu ƙaura don zama na dindindin take neman wannan bincike gare su, ba ɗalibai ko masu ziyara ba.

Akwai masu rikita wannan da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda maniyyata aikin Hajji suka saba da shi tare da allurar sanƙarau. Wancan shaidar allura ce kurum, ba ta maye gurbin binciken likitan biza.

Wani abin takaici shi ne 'yan kamasho da ke karɓar kuɗi da alkawarin kawo takardar har gida ba tare da an je Abuja ba. Ofishin biza na iya bincikar lambar takarda a wurin cibiyar da ta bayar, wanda aka kama da ta jabu kuma Ingila na iya hana shi shiga har shekara 10. Jerin sunayen likitocin yana nan kyauta a shafin intanet na gwamnatin kowace ƙasa, ana kuma sake shi lokaci-lokaci, saboda haka sai a duba shi kafin a biya ko sisin kwabo.