Giɓin Yaro Kafin Lokacin Famfara: Sai An Cike Shi?

Haƙoran nono guda 20 ne. Na gaba sukan fara tsirowa wajen wata shida, su zube da kansu a shekara shida zuwa bakwai, lokacin famfara. To amma wani yaron yakan rasa su tun yana shekara biyu ko uku, ko don faɗuwa, ko don ruɓewar da kwana da bulumbotin madara mai sukari a baki ke jawowa. Nan hankalin iyaye ke tashi, suna tsoron kada tsamin baki ya zauna masa. Ni dai a ganina, yawanci ba lafazi ne dalilin da zai sa a saka wa ƙaramin yaro haƙoran roba ba.

Gaskiya ne haƙoran gaba na da aiki a furuci. Sautuka irin su s, z, sh da ts suna fita ne idan harshe ya matse iska ta bi ta bayan haƙoran sama, shi ya sa mai giɓi ke ɗan fesar da iska. Sai dai harshen yaro na saurin sabawa da sabon yanayi, yakan dogara da dasashi ya gyara sautin. Hujjar tana kowane gida: duk yaro yakan yi watanni da giɓi a lokacin famfara, kuma maganarsa ta koma daidai da zarar sababbi sun fito. Ɗan Bahaushe ma yana da ɗan sauƙi, domin mu da leɓɓa biyu muke furta f, ba mu cika buƙatar haƙoran sama ba.

Wani zai ce famfara ta watanni ce, wannan kuwa giɓin shekara huɗu ne, a daidai lokacin koyon magana. Wannan magana tana da ƙarfi, musamman ga wanda ya rasa haƙoran sama huɗu kafin ya cika shekara uku, kuma irinsa ya cancanci likita ya riƙa bibiyarsa. Duk da haka a auna wahalar maganin. Ba a yi wa yaro dashen ƙarfe domin muƙamuƙinsa na girma. Abin da ake yi shi ne haƙoran roba a kan waya da ake ɗaurewa a turame, ga tsada, ga maƙalewar abinci, ga yiwuwar kwancewa. Batun cewa sauran haƙora za su matso su toshe gurbin, wannan ya fi faruwa a turame. A gaba ba kasafai ba, muddin fiƙoƙi sun riga sun fito. Idan kuma tsokanar yara ce ta hana shi sakewa, wannan dalili ne karɓaɓɓe, amma a kira shi da sunansa.

Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne haƙorin dindindin da ke kwance cikin ƙashi. Saboda shi ne likitocin haƙori suka hana mayar da haƙorin nono da ya fita, don kada a raunata na ƙasa. Na dindindin da ya fita ne ake sakawa cikin madara a garzaya da shi asibiti. Idan ruɓewa ce ta cinye na gaba, to turamen ma suna cikin haɗari, kuma su ne za su riƙe wa yaro gurbi har shekara 10 zuwa 12.