Me Ya Sa Murfin Waya Ke Sake Ɗagewa Bayan An Liƙe Shi?

Daga Talata Mafara zuwa Bakura, masu gyaran waya sun saba ganin murfin da ya ɗage kwana kaɗan da liƙewa. Galibi ba gam ne ke da laifi ba, wurin ne ba a tsaftace ba.

Murfin wasu wayoyi haɗin roba ne da zaren gilashi, kuma gam ba ya kama inda maiƙon hannu, ƙurar hunturu ko tsohon gam ya rufe. Sai an kankare tsohon gam tas, an goge gefen da sinadarin isopropyl, an bari ya bushe. Sannan a zizara B-7000 siriri, a jira 'yan mintuna, a haɗa, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Sai ya yi aƙalla awa 24 yake kamawa sosai. Sufa gulu kuwa ƙandarewa yake yi, ya tsage.

Ga manomin Maradun da ke noman rani a Bakolori, 'yar kafa ta isa danshi ya shiga ya kashe waya. Amma idan batir ne ya kumbura ya ɗaga murfin, canza shi ake yi, domin matse shi na iya tada gobara.